Sawun Da Bai Juya Baya Ba

Kafin mata su sauke tukunyar koko, labari ya gama Dutsin Kalgo cewa an ɗauke baƙin akwatin Rahina daga bakin kogo. Garin ƙarami ne, can gefen Dogon Kiriya, kuma a wannan shekarar mutanensa ba su da aikin da ya wuce kallo, tunda an yi shuka ruwa ya ɗauke, gero ya tsaya a gona yana murɗewa. Don haka duk mai ƙafa ya garzaya gindin dutse, suka tattake wurin tas, sannan suka tuna akwai mai bin sawu a garin.

Ɗanbaba, mai bin sawun, mutumin Tibiri ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin shanun sata har ƙetaren iyaka, da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya dawo nan gidan 'yarsa ya zauna. Mutum ne mai saurin fushi, kuma abin da ya tarar bai taimaka ba.

"Wa yac ce ku taho nan?" ya daka musu tsawa. "Kun tattake mani wuri awa garken awaki! Ku ja da baya, dan Allah!"

Suka ja, amma bakinsu bai ja ba. Wani ya ce ai ga sawun shanu nan, Fulanin bayan dutse ne. Wani ya ce a'a, a tambayi Saminu mai gyaran waya. Mutanen da ba su ga komai ba, kowa da ɓarawonsa a aljihu.

Rahina tana zaune a kan wani dutse, jakarta ta tafiya a ƙafa. Jiya ta je Dogon Dutsi neman rezo, wato sabis na waya, don ta tura wa malaminta na jami'a sakamakon aikinta, ta biyo motar safe, ta tarar da kogo wayam. Ba ta kuka, kogon kawai take kallo.

Ɗanbaba ya matso kusa da ita. "Yarinya, mi ke cikin akwatin ga?"

"Baba, na hwaɗi ma kowa tun ranar da nik kawo shi. Akwai wasu ƙwayoyi da ke sabkowa daga sama, ba a ganinsu, suna ratsa dutse, suna ratsa jikin mutum. Ciki akwai wani hwaranti, in ɗaya ta ratsa shi sai ya yi ɗan haske. Akwai kuma wani ido na gilashi da ke ganin hasken ga shina ƙirgawa. In dutse na da ruwa ciki, ƙwayoyin da ke iso ma akwatin suna raguwa. Na auna rani. Saura damana, in kwatanta."

Ɗanbaba bai gane rabi ba, kuma bai yi kamar ya gane ba. Ya ce, "To, in an sace, ba a sayen wani?"

"Babu irinai ƙasar ga. Aro anka ba profesa daga wani labo, ɗakin bincike na ƙasar waje, shi kuma ya ba ni bisa amana." Ta miƙe ta kama hannun rigarsa. "Baba, ji abin da ab babba. Idon ga an yi shi dan duhu. Batir na ciki, shina aiki yanzu haka. Duk wanda yab buɗe murhin cikin rana, idon ya ƙone nan take. In ya ƙone, awon rani ya tashi banza, tez ɗina, littahin digirina, ta mutu, shekarun da niy yi duka sun tahi. Ka samo shi tun ba a buɗe ba."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Hantsi ya riga ya ɗaga, kuma shi ya san ɓarawo ba ya haƙuri da rufaffen akwati.

* * *

Tsakanin bakin kogon da falalen dutsen da ke zagaye tsaunin akwai ɗan filin rairayi. A gefen da ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, Ɗanbaba ya ga sawun ƙafa ba takalmi, ƙarama, duka yatsun suna fuskantar kogo. Mai ƙafar ya zo, amma babu inda ya koma. Ya ɗauka sawun komawar yana ƙarƙashin kofaton shanun da suka ratsa ta ɗaya gefen, sai ya bi shanun.

Ba shi kaɗai ya bi su ba. Matasan gari sun biyo shi da sanduna, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

Is'haƙa, mai shanun, yana tsaye a bakin ruga yana ɗaure ɗan maraƙi. Da ya hango sandunan sai ya saki igiyar ya miƙe.

"Sannu da aiki, Is'haƙa. Shanunka sun bi gindin dutse da sahe?"

"Sun bi, Baba. Hanyar rijiya ta. Kullum nan muke bi."

"Ka ga baƙin akwati?"

"Ina ganinai kullum, ina jin shi ma. Shina ƙyas, ƙyas, awa kaza na tsattsagar gero. Yau dai ban ji shi ba, kuma ban leƙa ba. Mi zan yi da shi? Nono zan zuba ciki?"

Wani daga baya ya ce a bincike bukkokin. Ɗanbaba ya juya ya zuba masa ido har sai da ya sunkuyar da kai. Duk da haka ya zaga rugar da kansa, ya duba ƙasa. Jakin Is'haƙa bai ɗauki kaya ba, sawunsa sama-sama ne. Matan rugar kuwa duk da takalman roba suke yawo saboda ƙaya. Aka yi asarar tafiya, rana kuma ta ƙara hawa.

A hanyar dawowa ya tambayi Rahina zancen ƙarar. Ta ce ita ta sa, duk ƙwayar da ta ratsa sai akwatin ya yi ƙyas, don ta san yana aiki ba sai ta buɗe ba.

* * *

Saminu yana da rumfa kusa da masallaci, inda yake cajin wayoyi da gyaran fitilun rana. Kowa ya san tun zuwan akwatin yake zagaye shi da tambayoyi, don Saminu in ya ga waya ta shiga wani abu ba ya barci sai ya san inda ta fita.

"An ce kai ka tambayi Rahina ƙarhin batir ɗinta."

"Na tambaya. Laihi na?" Saminu ya ajiye sukudireba. "Baba, kun je wurin kuwa? Hwaranti na rana da ke ba akwatin wuta, shina nan ko an ɗauke?"

Rahina ta ce, "Shina nan. Waya kawai anka zare."

"An zare ko an tsinke?"

"An zare. An ma naɗe ta an aje bisa dutse."

Saminu ya tafa hannu. "To, kun ji! Ni da zan yi sata, hwarantin zan saɓa, in kai shi kasuwar Dogon Dutsi in sai da tun ban sha ruwa ba. Wa ka sayen akwatin da ba a san mi shike yi ba? Kuma wane ɓarawo ka tsayawa naɗe waya?"

Maganar ta shigi Ɗanbaba, kuma ya ji haushin cewa ba shi ya fara lura ba. Ya juya ba sallama, Rahina na binsa tana haɗa hanya. Da suka zo ƙofar gidan su Rahina ta leƙa don ta sha ruwa, ta fito ta ce Goggo ba ta nan, ƙila ta tafi itace. Goggo Ummuhani ita ta rene ta tun rasuwar uwarta, ita ta riƙa kai ta makarantar lakwal tana jan ta da hannu lokacin da sauran yara mata ke talla.

* * *

Suka koma bakin kogo. Ɗanbaba ya durƙusa a kan sawun, ya yi tsaki mai tsawo. Aikinsa na safe ne da yamma, lokacin da rana ke kwance tana cika kowane rami da inuwa. Yanzu ta kusa tsayawa a ka, rairayin ya zama fari fat, sawun duk sun baje.

"Ban ganin komi," ya ce. "Rana ta cinye mani su. Sai la'asar."

"Ba mu da la'asar, Baba."

Ta tsaya tana kallon ƙasa, sai ta yaye mayafinta ta miƙa masa gefe ɗaya. "Riƙe nan. Mu yi mashi inuwa." Suka shimfiɗa mayafin a sama kamar rumfa. Ta ciro tocila daga jaka, ta kwantar da ita a kan rairayi, hasken ya bi ƙasa a kwance. Nan take sawun suka tashi, kowane yatsa da inuwarsa, kamar an dawo da safiya.

"Ikon Allah," Ɗanbaba ya ce. "Matsa da ita nan. A'a, nan."

Ya daɗe yana kallo. Sawun ba layi ɗaya ba ne, biyu ne, kusa da juna, duka suna fuskantar kogo. Na farko sama-sama, takun mutum mara kaya. Na biyu ya nutse, takun gajere, yatsu sun fara caka ƙasa kafin diddige, rairayin kuma ya turu ta baya. Ya bi na biyun da yatsa har inda ya hau falalen dutse ya ɓace.

"Ya koma," ya ce a hankali. "Ni ne ban gani ba. Da baya-da-baya yak koma, da kaya rungume a ƙirji. Kuma mace ta, tsohuwa, ƙahwar hagu na ja."

Da farko ya ɗauka dabarar ɓad da sawu ce, don ya taɓa ganin ɓarayin shanu sun yi haka. Amma mai ɓad da sawu ba ya cire takalmi ya ajiye, ga kuwa shatin takalman nan biyu a jere a bakin falalen, inda aka tuɓe su kafin a taka rairayin. Wannan ba tsoron mai bin sawu ba ne, ladabi ne.

Ya ɗago zai yi magana, sai ya ga fuskar Rahina. Ta saki gefen mayafin, ta kashe tocilar.

"Kin san ƙahwar ga?"

Ta kau da kai. Ta ce, "Ban san inda tak kai shi ba. Dutsen ga na da hanya ta hi goma. Mai gari ya sani."

* * *

Sun tarar da zauren mai gari Gambo cike. Ya sa an kawo Is'haƙa da Saminu an zaunar da su a tsakiya, dattawa sun kewaye, an ɗora shayi. Mai gari ya tarbe su da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwar Ɗanbaba, ya tambayi mutanen Tibiri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ya ce a zauna a bi magana a tsanake, kowa ya faɗi inda yake da safe.

Ɗanbaba bai zauna ba. Ya lura duk bayan 'yan kalmomi sai idon mai gari ya tafi kan inuwar ƙofa, wadda ke ta janyewa zuwa gindin bango.

"Ranka shi daɗe, a sallami mutanen ga biyu, ba su ɗauki komi ba. Ni baƙo na garin ga, tsakanina da dutsenku sai kallo. Tambaya guda gare ni. Wa ka tuɓe takalmi in za shi bakin kogo, kuma in za shi komawa bai juya mashi baya?"

Waɗanda ɗazu suke neman a bincike ruga duk suka sami abin kallo a tafin hannunsu. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama.

Rahina ce ta amsa, daga bakin ƙofa inda mata ke tsayawa. "Mai kula da doguwar dutse, iskar da ke zaune cikin kogon. Ba a juya ma ƙoharta baya. Ina ƙarama ina bin ta, tana riƙe da hannuna muna komawa da baya." Ta shigo har tsakiyar maza, abin da ba a saba gani ba, ta durƙusa. "Baba mai gari, ina Goggo tak kai shi?"

Mai gari ya sauke numfashi. "Rahina, ke da bakinki kinka ce abin ga na tare waɗanda ba a gani, masu sabkowa daga sama, masu ratsa dutse da jikin mutum. Mu nan mun san su tun kakanni, ba mu dai taɓa ganin wanda yas sa su cikin baƙin akwati ya aje ƙohar gidansu ba. Kowa na jin su suna ƙwanƙwasawa. Tun da anka aje shi, ruwa guda munka samu. Ki je ki ga gonata."

"Ba ya tsare komi! Ƙirga kawai shikai, su wuce abinsu!"

"Haka kinka ce, kuma ni ban ce kin yi ƙarya ba. Amma gero na mutuwa. Ummuhani ta zo nan tun shekaranjiya tana kuka. Tac ce ba ruwan ne ya hi damunta ba, ke ce. Tac ce in sunka hito da kansu, wadda tar ruhe su za su nema. Ba sata ta yi ba, sakinsu za ta yi ta maido maki abinki."

"Yaushe?" Ɗanbaba ya tambaya, ko da yake ya riga ya sani. Ko yaron goye a Arewa ya san lokacin da iskoki ke fita yawo.

"In rana ta tsaya."

"Shi ya sa kuka tsare mu da shayi."

Mai gari bai musa ba. Rahina ta dafa ƙasa da hannu biyu, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. "Dan girman Allah, ina?"

Tsohon ya dubi inuwar ƙofa, ya dube ta. Ya ce, "Bisa, wurin hwarin dutse. Ku bi ta gabas, ta hi kusa."

* * *

Hawan dutsen nan ko da sanyin safiya wahala ne, balle da rana tsaka. Rahina ta yar da jaka, ta yar da takalmi ɗaya da ya tsinke, tana hawa da hannu da ƙafa tana kiran Goggo. Ɗanbaba yana biye, gwiwarsa kamar ana soka mata allura, yana zagin tsufa da duk wanda ya ƙirƙiro shi. A kan duwatsun yana ganin inda aka sauke akwatin aka huta, aka sake ɗauka, aka sake saukewa. A wani wurin har da ɗigon jini. Tausayin tsohuwar ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, bai san wanda ya fi ba.

Yana jin muryar Rahina a sama, "Goggo, kar ki buɗe! Goggo!" Sai kuma ya daina jin ta.

Da ya ƙarasa, ya tarar da fili a kan dutse, babu ko itace ɗaya, inuwar mutum ta tattare a ƙarƙashin ƙafarsa. Baƙin ƙyallen da ake rufe akwatin da shi an ninke shi da kyau an ajiye gefe. Murfin a buɗe yake, rana ta cika cikin akwatin har ƙasa, gilashin idon yana ƙyalli. Akwai ɗan ƙaurin ƙonewa a iska.

Goggo Ummuhani tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, zanenta ya jiƙe da gumi, tafin hannuwanta duk sun sale. Tana haki, amma fuskarta a sake take.

Rahina ta rufe murfin da sauri, ta ja ƙyallen ta lulluɓe, ta kwantar da kunnenta a jikin akwatin. Ɗanbaba ya riƙe numfashi. Suka jira. Ta ɗaga kai, ta sake kwantarwa. Babu abin da ke motsi sai iska mai zafi.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, don faɗan ya taru masa tun safe, sai ya rasa wanda zai yi wa.

"Rahina," tsohuwar ta kira ta a hankali. "Na roƙe su. Na ce yarinya ta, ba ta sani ba, in da laihi a ɗora mani." Ta matso da gwiwa, ta dafa kafaɗarta da hannun nan mai jini. "Ni idona bai gani sosai. Ke kin san abinki. Duba mani da kyau, ko akwai saura ciki?"

Rahina ta ɗago. Ɗanbaba ya tabbata ihu za ta yi, kuma da ta yi ba zai ga laifinta ba. Ta dubi akwatin, ta dubi hannun da ke kafaɗarta. Ta kama hannun ta juya shi, ta ga yadda ya yayyage.

"Babu saura, Goggo," ta ce. "Sun hita duka."

"Alhamdu lillahi. To, kin tsira."

Tsohuwar ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Rahina ta juya ta durƙusa a gabanta, ta kama hannuwanta ta ɗora a wuyanta, ta goya ta. Ba ta ko waiwayi akwatin ba, Ɗanbaba ne ya ɗauko shi ya biyo su a baya.